Keken hannu, katako mai taya da babur mai ƙafa uku: wa ke da ikon tsayar da su a bakin get?

Maganar da masu keken hannu suka fi ji a ƙofar asibiti, banki ko sakatariya ita ce: "Malam, ajiye shi nan waje ka shiga." Ba lalle mugunta ce ke sa maigadi ya faɗi haka ba. Umarni aka ba shi cewa keke da babur ba sa wuce get, kuma abin da idonsa ke gani keke ne. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ga wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu, wannan keken shi ne ƙafar. In ya ajiye shi, saura rarrafe a kan siminti a gaban jama'a, takardunsa cushe cikin riga.

Tushen matsalar na jikin allon da ake kafawa: ɗan hoton nan na mutum zaune a kujera mai taya irin ta asibiti. Ita kaɗai masu gadi suka sani, ita kaɗai masu zanen gini ke aunawa. Amma duk wanda ya zaga Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri ko Zuru ya san ba ita ce ta fi yawa a titi ba. Ƙananan tayoyinta na gaba nutsewa suke yi a rairayi, da damina kuma taɓo ya riƙe su, ga shi ba ta iya doguwar tafiya daga unguwa zuwa kasuwa. Shi ya sa mutane suka koma ga abin da ya dace da ƙasarsu.

Na farko shi ne keken guragu, mai taya uku, wanda ake murza fedarsa da hannu, sarƙa ta juya taya. Kayansa duk na keke ne, don haka kowane mai gyaran keke a bakin kasuwa zai iya canja masa sifok ko ya yi masa faci. Akwai wuraren da suka yi suna wajen ƙera shi a Kano da Jos, kuma Ayuba Gufwan, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2024, da irin wannan aikin aka san shi a Jos tun kafin muƙamin. Na biyu shi ne katako mai ƙananan tayoyi ko boris huɗu, mutum ya zauna a kai ya riƙa tura ƙasa da hannu, galibi da silifa a tafinsa. Kada a raina shi: a kansa ake buga ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988. Na uku shi ne babur da mai walda ya mayar mai ƙafa uku, ya dawo da giya da birki hannu. Yanzu kuma ga kujeru da ƙananan babura masu batir sun fara shigowa. Waɗannan huɗun kowanne da girmansa, da nauyinsa, da irin haɗarinsa, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro, ko wajen hanawa ko wajen bari.

Abin da doka ta ce

Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018 ita ce madogara. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ranar 23 ga Janairu, 2019. Sashe na 3 ya ce mai naƙasa yana da 'yancin shiga wurare da gine-gine daidai da kowa. Sashe na 4 ya wajabta a gina ginin jama'a da abubuwan da za su sauƙaƙa shiga, kamar gangara, da na'urar hawa bene inda ake buƙata, da duk wani abin da zai sa mai naƙasa ya iya shiga ya kuma amfana. Sashe na 6 ya ba da wa'adin shekara 5 a gyara tsofaffin gine-gine, kuma wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Don haka cewa "gininmu tsoho ne" ba hujja ba ce yanzu.

A lura da kyau: sashe na 3 mutum ya ba wa 'yanci, bai ba wani nau'in keke ba. Bai ce sai mai kujerar asibiti ba, bai kuma ce sai wanda ya nuna takardar likita ba. Idan aka ce wa mutum shi ya shiga amma abin da yake tafiya da shi ya tsaya, alhali ba zai iya motsi sai da shi ba, to an hana shi shiga ne ta bayan gida. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta ƙara fito da wannan fili a sashenta na 20, inda ta ɗora wa gwamnatoci sauƙaƙa wa mai naƙasa zirga-zirga ta hanyar da ya zaɓa, a lokacin da ya zaɓa, kuma da kuɗin da zai iya biya. "Hanyar da ya zaɓa" ita ce ƙashin bayan wannan magana duka.

Hukuncin ma a rubuce yake. Sashe na 1 ya ce wanda ya nuna wariya, in mutum ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. In kamfani ne ko hukuma, naira miliyan 1. Sashe na 7 ya ce jami'in da ya amince da zanen ginin da ya saɓa ƙa'ida zai iya fuskantar tarar aƙalla naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2. Sashe na 26 ya ce a fara sallamar mai naƙasa a layi, in da hali ma a sallame shi ba tare da ya bi layin ba. Faɗuwar darajar naira ta cinye ƙarfin waɗannan tara, wannan gaskiya ne, amma abin da manaja ke tsoro ba kuɗin ba ne, sunan wurinsa ne. A watan Maris na 2024 hukumar filayen jiragen sama ta tarayya ta rufe wani gidan cin abinci a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas saboda an hana wani mai kujera mai taya zama a ciki. Ba a jira kotu ba.

Akan ji wasu jami'ai na fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta shafi jiha ba. A Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Waziri Umaru, ko asibitin tarayya, ko ofishin fasfo da na katin ɗan ƙasa, wannan maganar ba ta da wurin zama ko kaɗan, domin duk na tarayya ne. A sauran wurare kuma sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare mutuncin ɗan Adam, bai san iyakar jiha ba. Tilasta wa baligi ya rarrafa cikin ofis alhali abin hawansa na nan a waje, ba mu ga sunan da za a ba shi in ba wulaƙanci ba.

Wani abin da ke ɓoye a ƙarƙashin "ajiye shi nan" shi ne zato. Da an hango katako mai taya, sai a ɗauka bara ta kawo mutum, har wani ya miƙa masa naira hamsin kafin ya buɗe baki. Mai katakon nan wataƙila tela ne da ya zo ajiyar kuɗin ɗinki, ko uba ne da ya kawo wa matarsa abinci a ɗakin haihuwa. Tambayar da ake yi wa kowa a get, "ina za ka, wurin wa?", ita ce za a yi masa, babu ƙari.

Inda dokarmu ta yi shiru

Dokar 2018 ba ta tsaya ta rarrabe abin hawa mai inji da marar inji ba. A nan ne tsarin Amurka ke da amfani, ba don yana aiki a kanmu ba, sai don sun riga sun yi wannan gardamar sun warware ta a rubuce. Dokarsu ta masu naƙasa ta 1990 ce, amma sai a 2010 ma'aikatar shari'arsu ta fitar da ƙa'idar da ta fara aiki ranar 15 ga Maris, 2011, bayan mutane sun fara zuwa wuraren jama'a da irin su Segway, wato abin hawa mai batir da taya biyu da ake tuƙawa a tsaye, da ƙananan motocin filin golf. Ƙa'idar ta raba abin gida biyu. Kujera mai taya, ta hannu ko ta batir, da sanduna da makamantansu, suna shiga duk inda mai tafiya a ƙasa ke shiga. Sauran abubuwan hawa masu inji kuwa, asali a bar su, sai in mai wurin ya iya nuna cewa ba za a iya amfani da irinsu lafiya a wurin ba. Nauyin kawo hujja na kan mai wuri, ba kan mai naƙasa ba. Kuma hujjar sai ta fito daga abubuwa biyar: girman abin da nauyinsa da gudunsa, yawan masu tafiya a ƙasa a wurin, yanayin ginin kansa, ko akwai sharaɗin da za a gindaya ya kawar da haɗarin, da kuma ko zai lalata muhalli ko kayan tarihi. An yarda a tambayi mutum ko saboda lalura yake amfani da abin, kuma faɗarsa ta wadatar muddin ido bai ƙaryata shi ba. Ba a yarda a tambaye shi mene ne ciwonsa ba.

Idan muka auna kayanmu da wannan ma'auni, amsar ba ta da wuya.

Keken hannu da katako ƙarfin mutum ke tafiyar da su. Ba hayaƙi, ba zafi, ba gudun da ya wuce ikon mai shi. Ra'ayinmu shi ne su shiga duk inda ƙafa ke shiga, iyakarsu kawai inda ba za su ratsa ba saboda ƙunci, ko ɗakin tiyata da makamantansa inda kowa ma sai ya tuɓe takalmi ya canja kaya.

Mai batir ma haka, da sharaɗi biyu. Gudu a cikin gini kada ya wuce na mai tafiya a ƙasa. A Birtaniya iyakar da aka sa wa irin waɗannan a gefen titi mil 4 ce a awa, wato kilomita 6 da 'yan kai, kuma a cikin baranda mai cunkoso rabin haka ya fi. Sai caji: kada a jona shi a ɗakin marasa lafiya ko a bakin ƙofar fita, kuma batirin da ya kumbura ko yake zafi fiye da kima ba na shiga ko'ina ba ne, na canjawa ne. Batirin litiyam ba ya son a bar shi cikin ranar Afrilu. Mai shirin hawa jirgi daga filin Sir Ahmadu Bello kuma ya san cewa batirin litiyam da ake cirewa bai kamata ya wuce awon 300 na wat-awa ba. Lissafin mai sauƙi ne, a ninka bolt da amfiya-awa da ke rubuce a jikinsa: 24 sau 12 ya ba da 288, bai kai 300 ba ke nan. A sanar da kamfanin jirgin aƙalla kwana biyu kafin tafiya.

Babur mai fetur shi ne inda maigadi ke da rabin gaskiya, kuma dole a faɗa ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Hayaƙin salansa na ɗauke da gubar nan da ke kashe iyali in sun kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da wari, kuma taruwa take a rufaffen wuri. Salansar kanta na ƙona ƙafar yaro, ga tankin fetur kusa da tukunyar oksijin a asibiti. Don haka ba ya shiga cikin gini da injinsa a kunne. Amma tsakanin get da ƙofar gini akwai tazara, a wasu asibitoci da makarantu ta kai mita ɗari biyu ko fiye, kuma a nan ne ake zaluntar mutane. Dokar hana babura shiga harabar wuri saboda tsaro ko hayaniya an yi ta ne don 'yan kabu-kabu, ba don wanda babur ɗin ne ƙafarsa ba. Abin da ya dace shi ne a bincike shi a get, a bar shi ya tafi a hankali har bakin ƙofar gini, ya kashe inji a wurin da aka keɓe mai inuwa, kuma a nan ya tarar da kujera mai taya mai lafiya. Wurin da ya hana babur shiga bai tanadi wannan kujera ba, bai tsare lafiyar kowa ba, ya dai kori mutum ɗaya.

Gangarar da ba ta hawuwa

Ko an buɗe get, gini na iya korar mutum da kansa. Yawancin gangarar da ake gani a ƙofar bankuna da ofisoshi birkila ne ya shafe matakala da siminti, ta zama kamar ta sauke buhun shinkafa daga mota. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce 1 cikin 12: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowace sun ba da 45, don haka gangararsu mita 5.4 ce. Gine-ginenmu da yawa ana ɗaga su sama saboda ambaliya, in dandamalin ya kai santimita 60 to sai mita 7.2. Wanda ya yi ta mita biyu bai yi komai ba, ya ma ƙara haɗari.

Wannan awon kuma na kujerar asibiti ne, kuma shi ne iyakar tsananin da aka yarda da shi, ba wanda aka fi so ba. Keken hannu ya fi shan wahala a kansa. A irin wanda sarƙa ke juya tayar gaba, da an fara hawa nauyin mutum sai ya koma baya, tayar gaban ta yi sako-sako, ta riƙa juyawa a banza ba ta kama ƙasa. In mai shi ya saki feda don ya kama birki, keken ya fara komawa da baya. Inda fili ya samu, 1 cikin 15 ko ma 1 cikin 20 ya fi masa. Abu na biyu tsawonsa ne. Kujerar asibiti ba ta cika wuce mita 1.2 ba, tana iya juyawa a fili mai faɗin mita 1.5. Keken hannu yakan kusanci mita 2, kuma ba ya juyawa a wuri ɗaya, sai ya yi kwana kamar mota. Gangarar da aka naɗe gida biyu da ɗan dandamali mai mita 1.5 a tsakiya, kujera za ta wuce, keke zai maƙale. Mafita ita ce a miƙe gangarar a jikin bango ba kwana, in kuma kwanar ta zama dole a buɗa dandamalin ya kai mita 2 kowane ɓangare. Abu mai taya uku kuma saurin kifewa gare shi in ƙasa ta karkata gefe, don haka karkatar da ake yi don ruwa ya gangara kada ta wuce santimita 2 a kowace mita.

Sauran awon: faɗin gangara kada ya gaza santimita 92 tsakanin ƙarafan riƙewa, mita 1.2 ya fi. Idan tsayin da za a hau ya wuce santimita 76, a sa wurin hutawa a tsakani. A sama, gaban ƙofa, dole a sami fili shimfiɗaɗɗe na aƙalla mita 1.5, domin ba wanda zai iya riƙe keke a kan gangare da hannu ɗaya yana jan ƙofa da ɗayan. A yi ɗan tudu na santimita 10 a gefuna don kada taya ta zame ta faɗa. Tayil mai sheƙi kuma bai dace da gangara ba: ruwan sama ko na mofa ya taɓa shi, ya zama santsi, ƙurar hunturu ma haka. Kankare ake so, a ja tsintsiya a kansa a gicciye tun yana ɗanye.

Kuɗin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Gangara mai mita 5.4 da faɗin 1.2, in an yi mata bangon bulo a gefe aka cike da jar ƙasa aka daddaɓe sosai, kankaren samanta mai kaurin santimita 10 bai wuce kashi biyu cikin uku na kubik mita ɗaya ba. Da haɗin 1:2:4, wato awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, buhun siminti huɗu zuwa biyar ne, ban da na bulo. Abin da ke kashe ta shi ne rashin daɓe cikon, sai ta zauna ta tsage bayan damina ɗaya, da kuma rashin ba ta ruwa na kwana 7 bayan zubawa.

Mai katako kuwa ba gangara ce babbar damuwarsa ba, ƙananan abubuwa ne da mai tsaye ba ya ko gani. Tayarsa ƙarama ce, don haka dokin ƙofa mai santimita 3 katanga ne a wurinsa. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce milimita 13. Ƙarfen da ake rufe kwata da shi, in ramukansa sun fi wannan faɗi ko sun bi tsawon hanya, taya na faɗawa ya kifa ta fuska. Hannunsa ne ke taɓa ƙasa, saboda haka simintin da ya sha rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ƙuna ne, jiƙaƙƙen daɓen banɗaki kuma cuta ce. Direban da ke baya da mota a wurin fakin ba ya hango shi a madubi, shi ya sa hanyar ƙafa daga get take buƙatar a raba ta da ta motoci. Kantar da ta kai ƙirjin mai tsaye kuma, shi ko fuskar ma'aikacin ba ya gani. Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo: ma'aikaci ya zagayo, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, a yi magana ido da ido, ba a ɗaga murya ana tambayarsa sirrin asusunsa ko na ciwonsa daga sama ba.

Ƙofa kuma sararin da ya rage bayan an buɗe ta ake aunawa, ba faɗin gambun ba. Ana son aƙalla santimita 81, abin da ƙofa mai 90 ke bayarwa. Banɗaki ne ake yi wa rowa da ƙofa mai 75, sai mutum ya yini a asibiti yana ƙin shan ruwa don ya san ba inda zai zaga.

Ƙofar banki, bincike da musayar kujera

Ƙofar tsaron banki mai gano ƙarfe ba ta ɗaukar keke, kuma tana ƙin buɗewa ga mai takalmin ƙarfe ko sandar ƙarfe. Kusan kowane reshe na da ƙofar gefe; matsalar ita ce makullinta na hannun wanda ya fita. A ajiye makullin wurin mai tsaron da ke bakin aiki, shi ke nan. Sallamar mutum a waje cikin rana, ana ƙirga masa kuɗi a idon masu wucewa, ba taimako ba ne, jefa shi cikin haɗari ne.

Bincike halal ne, kuma da halin tsaron da ake ciki ba mai hankalin da zai ƙi shi. Amma ana yin sa mutum na zaune a kan abinsa: a zagaya shi da na'urar hannu, a duba ƙarƙashin mazauni da akwatin baya, a nemi izini kafin a taɓa. Mace ta binciki mace. Kada a kama keke a tura ba a tambaya ba, kada kuma a ɗaga mutum cak sai ya ce a ɗaga shi, ya kuma faɗi inda za a riƙe.

Musayar kujera tayi ce, ba tilas ba, sai a batun babur mai fetur. Dalili na lafiya ne. Mai ciwon laka ba ya jin zafin zama, kuma awa biyu a kan kujerar da ba ta da matashin da ya saba da shi na iya buɗe masa gyambon da zai yi watanni bai warke ba. Kujerun da ake ajiyewa a ƙofa kuma sau da yawa ba iska a taya, ba birki, ba matakin ƙafa. In mutum ya yarda ya bar nasa, a ba shi lamba, a sa abin a inuwa inda ido ke kai, domin in an sace shi ba abin hawa kaɗai aka sace ba, har da sana'arsa.

A masallatan Juma'a damuwar ita ce taya ta taka najasa a hanya. Damuwa ce ta gaskiya, maganinta kuma buta da tsumma a bakin ƙofar da ke da gangara, da shimfiɗar leda ko tabarma mai ƙarfi zuwa ƙarshen sahu ta gefen bango. Kwamitin masallaci zai iya gama wannan a zama ɗaya.

In an hana ka

Kada a tsaya cacar baki da maigadi, ba shi ya kafa dokar ba. A ce masa, "Baba, don Allah kira mini shugaban masu gadi ko jami'in mulki." In ba a warware a nan ba, sashe na 8 ya buɗe hanya: mai naƙasa na da ikon sanar da hukumar da ke kula da wurin cewa akwai shinge, ita kuma wajibi ne ta ɗauki mataki nan take. In ta yi biris kuma kotu ta same ta da laifi, diyyar naira 10,000 ce a kowace rana ga wanda abin ya shafa in hukuma ce ko kamfani, naira 5,000 in mutum ɗaya ne. Tun da kwanaki ake ƙirgawa, ranar da aka karɓi takardar ita ce komai.

Saboda haka a rubuta, kada a tsaya ga faɗa da baki. A sa rana da lokaci, da ƙofar da abin ya faru, da irin abin hawan. In gini ne matsalar, a auna da tef a rubuta lamba: tsayin matakala kaza, tsawon gangara kaza, faɗin ƙofa kaza, a haɗa da hoto in wurin bai hana ɗauka ba. A faɗi abin da ake so a yi dalla-dalla, misali a bar keken hannu ya shiga ta ƙofar gabas, ko a sauko da teburin rajista ƙasa tun da na'urar hawa bene ba ta aiki in an ɗauke wuta. A yi kwafi biyu, a kai ofishin karɓar wasiƙu, a tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Takardar da ba hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba. A ba su mako biyu. Wannan shawararmu ce, ba wa'adin doka ba. In shiru, a aika kwafi ga reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da ita hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa da aka kafa a 2020. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Tallafin Shari'a. Takarda ɗaya mai sa hannun mutum goma masu hawa irin keke ɗaya, tare da Sarkin Guragu na garin, ta fi takardu goma da aka kai a warwatse, domin ita ke nuna cewa ƙa'idar get ɗin ce ke buƙatar gyara, ba alfarma ake roƙa wa mutum ɗaya ba. Kuma a nemi amsar ta zo a rubuce, a manna kwafinta a ɗakin masu gadi, saboda masu gadi canja su ake yi, wanda ya san da maganar yau ba lalle shi ne a bakin get wata mai zuwa ba.